Ƙanƙarar Kogo Ta Zauna

Rozi ya jingina sandarsa jikin tulin ƙanƙarar da ke cikin kogo, ya auna tsayinsa. Ƙarshen sanyi tulin ya kai masa ƙirji, yau ga shi iya cinya. Shekarun baya ne mutanen ƙauyensu, a duwatsun Baltistan, suka ɗaura auren ƙanƙara mace da namiji a nan, suka lulluɓe su da gawayi da ƙaiƙayi, don su haifi ruwan shayar da gonakin tudu. Gonar sha'ir ɗin Rozi ce ta fi nisa da rafi. Yau kuma dattawa za su yanke shawarar daina hawa ana zuba wa kogon dusar ƙanƙara, tunda tulin kullum raguwa yake.

Abu ɗaya ya ɗaure masa kai. In narkewa take, to ina ruwan? Ya shafa ƙasan kogon, busasshe ƙayau. Rozi kuwa akwai shegen bin diddigi. Ya yaye ƙaiƙayin ya yanko ta sama, garas-garas, ba nauyi. Ya tona zuwa gindi, sai ga ƙwayoyi kamar tsakin masara, sun manne da juna har gatari na tsalle. Ya saro daidai girman ta farko, ya jefa su kwando ya gangara.

Matsalar ita ce, a al'adarsu wanda ya goyo ƙanƙarar kogo ba ya buɗe baki sai an karɓe ta daga hannunsa. Ya tarar da dattawan a bakin masallaci, har sun ɗaga hannu za su shafa fatiha.

"Ah, ga waliyyin amarya!" in ji Kawu Shukur, babbansu. "Gawar ka kawo mana mu yi mata salla?"

Aka kwashe da dariya. Rozi kamar ya fashe don haushi, amma ya danne. Ya kamo hannayen tsohon biyu ya buɗe, ya ɗora ta sama a hagu, ta gindi a dama.

Hannun dama ya yi ƙasa.

Kawu Shukur ya gwada, ya sake gwadawa, ya dubi Rozi.

"Ba mutuwa take ba, Kawu," in ji Rozi. "Danne kanta take."

Tsohon bai saki ƙanƙarar ba, ruwa na bin gwiwar hannunsa. Ya juya ga sauran.

"Wa ke da sauran ƙaiƙayi a gida?"