Tukunyar da Inna Zalika ta huda

"Zuhura, ina za ki da ita? Gobe kumandan zai zo gani!"

Malaminmu Mushe Salifu ya biyo ni har bakin lakwal, makarantarmu, yana kira. Ban waiwaya ba. Da tukunyar a kaina na nufi unguwarmu a guje.

Matatar ruwa ce, aikina na bikin samun 'yanci da za a nuna wa kumandan, mai mulkin yankinmu. Mushe ya zana mini ita, babana ya ɗebo yashi, ƙawata Biba ta daka gawayi. Amma tukunya mai huji a gindi, duk garinmu Kona ba maginiyar da ta yarda ta gina sai maƙwabciyarmu Inna Zalika. Mata suka yi mata dariya har suka gaji.

"Ku yi ta yi," ta ce. "Ni zan fara shan ruwan ɗiyata."

Ga shi yanzu zawo ya kwantar da ita. Rijiyarmu ta rufta, kowa ruwan tabki yake sha, ja kamar kunu. Motar Tasawa, inda asibiti yake, ta wuce da buhunan gyaɗa har sama, direba ya ce ba wurin mara lafiya.

Na girka tukunyar a ɗakinta, na zuba ruwan tabki, na tara ƙoƙo. Ɗigo ɗaya. Shiru. Wani ɗigo. Wallahi ban taɓa tsanar abu yadda na tsani aikin hannuna ran nan ba. Na jijjiga tukunyar don haushi, ruwan ya fito baƙi, dole na zubar.

Uwata ta kai mata ludayin ruwan randa, Inna Zalika ta kau da kai.

"Na Zuhura nika jira."

"Inna, sha wanga tukuna, don Allah!" na ce, ina kuka.

"Mi kika ma gaugawa, ɗiyata? Ƙarami na yi hujin, yadda kika ce."

Na daɗe ina haddace godiyar da zan yi mata gaban kumandan, da Faransanci. Na durƙusa in faɗa mata da Hausa, amma ƙarar ɗigon ta ja hankalina. Sai na juya wajen ƙoƙon. Ruwa ya kusa rabi, fari tas, har ina ganin gindinsa.

"Inna, ya taru!"

A bayana uwata ta fara salati.

Mata suka cika ɗakin, aka lulluɓe ta. Ba wadda ta kula da tukunyar. Da la'asar, bayan maza sun dawo daga kushewa, na leƙa. Ƙoƙon ya cika, ruwa na bin gefensa yana jiƙa daɓe, tukunyar tana ta ɗiga.