Ranar da Kwamfutar Manaja Ta Yi wa Kanta Sallama

Shekara tara ina share ofishin nan, ba a taɓa cewa na fasa ko kofi ba. Sai ranar Talata kwamfutar Manaja ta ƙi shiga intanet. Sakatariya, wadda turarenta ke riga ta shigowa, ta ce da idonta ta ga na fantsama wa kwamfutar ruwa wajen goge ƙasa. Manaja ya ce in mai gyara ta tabbatar, aikina ya ƙare.

Mai gyaran ta iso da hantsi, yarinya siririya, jakarta ta fi ta kauri. Na ce a raina, tawa ta same ni.

Ko ƙusa ɗaya ba ta kwance ba. Ta zauna, ta buɗo wani baƙin shafi, ta buga 127.0.0.1. Ni kuwa na matso, kun san ni da son jin ƙwaƙwaf.

"Lambar wa kike kira, 'yar nan?"

"Lambarta ce, Iya. Kowace kwamfuta tana da wata ƙofa ta cikin gida wadda ba ta buƙatar waya. Ta nan take aika wa kanta saƙo, ya juyo ya dawo mata."

"Magana take ita kaɗai? A unguwarmu in mutum ya fara haka, magani ake nema masa."

Ta yi dariya. "A nan kuwa wadda ta yi wa kanta sallama ba ta amsa ba, ita ce mara lafiya."

Sai ga layi huɗu sun jeru a kan allon.

"Ta amsa," in ji ta.

Na yi wuf na ce, "Kun ji ko? Ba ruwana."

"Ban ce ba tukuna, Iya. Hankalinta dai ƙalau. Saura ramin da wayar intanet ke shiga, da wayar kanta. Ruwa na iya ɓata ramin."

A nan dai yarinyar ta burge ni. Ba ta yi mini kara ba, ba ta yi wa Manaja ba.

Ta zaro sabuwar waya daga jakarta ta jona. Nan take saƙonnin Manaja suka fara zubowa. Ta durƙusa ta bi tsohuwar wayar da yatsa, taƙi bayan taƙi, har ƙarƙashin tebur. Ta ɗago ta a murƙushe, da sawun tayar kujera raɗau a jiki.

"Ramin a bushe yake. Wa ke zama a kujerar nan?"

Sakatariya ta shiga neman biro. Manaja ya yi tarin da ba na mura ba, ya dubi agogo, ya juyo wurina.

"Iya, gobe ki fara da ɗakin taro."

"To, ranka ya daɗe."

Na raka yarinyar har bakin ƙofa ina sa mata albarka, ina tambayar ko an yi mata miji. Kafin azahar, daga mai gadi har masu hawa na uku, kowa ya san nauyin Manaja.