Yawun Shehe Bwanali

"Sake dubawa, 'yata," in ji Shehe Bwanali. "Mai yiwuwa yawun wani bawan Allah ne aka rubuta wa sunana."

Dakta Chisomo Nkhoma, likitar halayyar ɗan Adam da ke binciken shan taba da damuwar zuciya a asibitin Namwera, ta sake duban na'urarta don girmama furfurarsa kawai. "Naka ne, Baba. Abin da muka samu a cikinsa, ko mai ƙarar da kwalin sigari a yini da ƙyar zai kai shi."

Shehe ya yi istirja'i a hankali. Tun yana saurayi yake kiran salla, yana karantar da yara Alƙur'ani, kuma karan sigari bai taɓa kusantar leɓensa ba. Lokacin da masu binciken suka zagaya ƙauyuka ana tsakiyar tsinkar ganyen taba, shi ya fara miƙa kansa, ya tofa yawu a kwalbarsu da niyyar ya zama hujja a kan mashaya. Noman taba kam yana yi, kamar kowa a yankin, domin ya daɗe da rarrabe wa mutane hukuncin: nomanta ciyar da iyali ne, kunna mata wuta almubazzaranci.

"Faɗa mata sauran," in ji matarsa, Abiti Selemani, daga kujerar gefe. Ba ta jira shi ba, ta faɗa da kanta. "Likita, duk shekara haka ne. Ranar da mota ta kwashe dilolin taba zuwa kasuwar gwanjo, ranar mijina yake zama wani mutum. Ba barci, ba fara'a, sai faɗa. Bana ya yi wa akuya huɗuba har ta bar cin abinci. Ya jefar da kwanon tuwon nsima saboda wai yana kallonsa. An yi rubutu, an yi tofi, malamai sun ce ba aljani. Yayana Che Twaibu ya ce in ba a samo sunan ciwon ba, to mugun hali ne, ya naɗe tabarmarsa ya koma ƙauyen uwarsa."

Shehe ya sunkuyar da kai. Kamar kowane magidanci a nan, a ƙasar dangin matarsa ya gina gida, ya dasa mangwaro, ya haifi 'ya'ya. Maganar yayan mace ita ce magana. A ƙauyen uwarsa kuwa babu wanda ya rage da ya san shi sai makabarta.

"Da hannu kake tsinkar ganyen?" Dakta ta tambaya.

"Da me kuma? Da asuba, raɓa na jikinsa."

"Dilolin fa, ina kuke ajiye su?"

"A ɗakin barcinmu mana," in ji Abiti. "Wa zai bar su a rumfa ɓarayi su yi sallah da su? Ni ina komawa ɗakin yara saboda wari. Shi a tsakiyarsu yake kwana, wai gadi yake."

Dakta ta jingina, idanunta na ƙyalli irin na wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Ta bayyana musu cewa dafin taba yana ratsa fata daga jiƙaƙƙen ganye. Ko hakan yana iya kama mutum kamar yadda sigari ke kama mashayi, har ya birkice idan aka raba shi da ganyen, wannan ba su tabbatar ba tukuna, kuma shi suke so su sani. Akwai filasta mai rage sha'awar taba da ake liƙawa a dantse, akwai zaman tattaunawa duk mako, amma ga waɗanda suka shiga shirin kaɗai.

"To a sa shi," in ji Abiti.

"Sai ya zauna cikin 'yan'uwa ya faɗi da bakinsa cewa taba ta kama shi. Ƙa'idar ke nan."

"In na ce ina sha, na yi ƙarya, ƙarya kuwa haramun ce," in ji Shehe. "In na ce ba na sha, yawuna ya ƙaryata ni. Ta yaya mutum zai tuba daga zunubin da bai aikata ba?" Sai wani tunani ya faɗo masa, fuskarsa ta canza. "Shekarun da girbi ya faɗo cikin Ramadan fa? Azumina…"

"Wannan kai ne malaminsa, Baba," in ji Dakta. "Ni yawu na karanta."

A barandar bayan asibitin an jera benci uku: na masu busa taba, na masu shaƙar garinta, da na tsofaffin mata masu ƙunsa ta a leɓe. Da Shehe ya bayyana da farar jallabiyarsa, duk suka miƙe, suna zaton addu'ar buɗe taro aka kawo shi ya yi. Wasu har sun ɗaga tafin hannu. Da Dakta ta ce sabon ɗan'uwa ne, hannuwan suka sauka a hankali.

A bakin bencin farko akwai Che Lifa, mai ɗaukar fasinja a keke, wanda Shehe ya sha kora daga sahun gaba saboda warin bakinsa. Lifa ya dubi Shehe, ya dubi sama.

"Allahu Akbar. Allah gafarta Malam, wace iri kake ja? Ashe shi ya sa muryar take kaiwa har bayan dutse!"

"Ban taɓa ja ba, Lifa. Ka kiyaye harshenka."

"Haka ni ma na ce ranar farko."

Da Dakta ta yi bayanin yadda abin yake, sai gardama ta tashi a kan bencin da ya dace da shi. Wani dattijo daga bencin masu shaƙa ya ce tun da ƙurar ganye yake shaƙa cikin barci, nasu ne, babu ja. Wata tsohuwa ta ce ƙarya ne, abin da ya ratsa nama ba tare da wuta ba ɗan gidansu ne, ya zo ya zauna kusa da ita, ba ta cizo, haƙoran ma sun ƙare. Lifa ya ce a bi adadi: wanda ya kai kwali a yini babban mashayi ne, kuma shi da kansa zai share masa wuri. Shehe yana tsaye, yana jan carbi, ana rabonsa kamar naman layya. Ya juya zai fita, sai ya ga Abiti a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa.

Ya zauna a ƙarshen bencin Lifa, rabin jikinsa a waje.

Aka ci gaba da zaman. Da aka zo kan Lifa, wasan ya bar muryarsa. Ya ce tun da ya daina, in gari ya waye ji yake kamar an yi masa rasuwa amma an ƙi faɗa masa wa ya mutu. Ya ce 'yarsa ta kawo masa ruwa ya daka mata tsawa, sa'an nan ya koma bayan ɗaki ya yi kuka. Ya ce ko a salla yakan manta raka'ar da yake.

Carbin Shehe ya tsaya. Wannan na ƙarshen bai taɓa faɗa wa kowa ba, har Abiti. Shekara da shekaru yana ɗaukarsa bushewar zuciya, yana ƙara nafila, yana tuhumar imaninsa. Ga shi yau yana jin sirrinsa daga bakin mutumin da ya hana sahun gaba. Tsarki ya tabbata ga Wanda ke sanya ilimi inda Ya so.

"Baba," in ji Dakta, "yaushe ne rabonka da tabar?"

Ya daɗe yana neman kalmomin da babu ƙarya a cikinsu. "Ranar da mota ta zo," ya ce. "Da ta tafi na shiga ɗakin, na rufe ƙofa, na ɗauki wani tsohon buhu da aka bari, na sa fuskata a ciki. Na ce wa kaina ina duba ko ɓera ya ci shi ne." Ya ɗago kai. "Taba ta kama ni. Ban neme ta ba, Allah shaida, amma ta kama ni."

Babu wanda ya yi dariya. Tsohuwar ta ce, "Sannu, ɗan'uwa," sauran suka amsa. Lifa ya matsa, ya ba shi cikakken wuri.

Da filasta a dantse ya fito titi, Abiti na gaba tana danna waya. Ranar kasuwa ce, hanyar cike da masu tumatir da busasshen kifi, rabinsu iyayen ɗalibansa. Abiti kuwa ba ta iya waya da ƙaramar murya ba.

"Yaya? Che Twaibu, kana ji na? Alhamdu lillahi, an samo! Ba hauka ba ne, ba mugun hali ba ne. Ashe mashayin taba ne! Babba ma, in ji likita!"

Masu tumatir suka ɗago. Wata mata ta dafe ƙirji. Shehe ya buɗe baki domin ya gyara zancen, ya kawo fata da raɓa da diloli, ya bambanta wanda ya sha da wanda aka shayar. Sai muryar Che Twaibu ta fito daga wayar, tana rawa da dariyar jin daɗi.

"Taba kawai? Haba! Wannan ai ciwon kowa ne. Me ya hana shi faɗa tuntuni? Ki ce masa ya dawo gidansa, a yanka masa kaza."

Abiti ta miƙo masa wayar, fuskarta a sake kamar ranar da aka kawo shi ƙauyensu yana ango. "Yaya na tambaya, wai gaskiya ne?"

Shehe Bwanali ya dubi kasuwar da ta yi tsit tana jiransa. Ya karɓi wayar da hannu biyu.

"Likita ta auna, Yaya," ya ce. "Muna nan tafe kafin La'asar."