Nauyin Auta

A wurin da ake sayen tsofaffin ƙarafa, Mai-awo kowa ke ce masa. Shekara da shekaru yana tsaye a gaban sikeli, har ta kai idan ka kawo masa buhun tarkace, sai ya ɗaga da hannu ɗaya ya ce maka kilo kaza ne, in an ɗora a sikeli kuma haka za a gani. Ba a musu da shi a kan nauyi. Wanda duk ya gwada ya ji kunya.

Da hantsi ya shiga asibiti da 'yarsa Auta a kafaɗa, an naɗe ta cikin bargo, matarsa na biye da shi da jaka a hannu. Shekarar yarinyar shida. Ta daɗe tana tari, yau kuma jiki ya yi zafi rau, numfashi sama-sama, ko kanta ba ta iya ɗagawa.

Ɗakin gaggawa a cike yake, an kawo mutanen da mota ta kife da su. Wani matashin likita ya duba ta a tsaye, ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta da bayanta, ya ce limoniya ce, wato ciwon huhu, sai an kwantar da ita an yi mata allura ta jijiya. Ya waiga yana neman sikeli, bai ga inda aka tura shi ba.

"Kun san nauyinta?"

"Kilo ashirin," in ji Mai-awo.

"Ka tabbata?"

"Likita, awo ne sana'ata."

Wani ya ƙwala ihu a bayan labule. Likita ya rubuta a kati da sauri, ya ce su wuce ɗakin yara.

Ɗakin yara dogo ne, gadaje layi biyu masu shingen ƙarfe, ko'ina warin maganin goge ƙasa. Fanka ɗaya ce ke juyi, ita ma da ƙyar. Aka ba su gado kusa da taga. A gadon da ke gefensu wata tsohuwa ce zaune tana yi wa jikanta fifita da kwali.

Nas ɗin da ke kan aiki mace ce mai jiki, ta manyanta, tabaraunta na rataye a wuya da igiya. Sista suke ce mata. Ta turo tebur mai taya, ta gaishe su, ta tambayi sunan yarinya, ta tambaya ko akwai maganin da ba ya karɓar ta, ko kuma an ba ta wani abu a gida. Ta sa mata robar iska a hanci da robar allura a bayan hannu, Auta ko motsi ba ta yi ba. Sannan ta ɗauki kwalbar magani, ta sa tabarau, ta duba kati. Ta ɗago ta dubi yarinyar. Ta ɗan yaye bargon ta sake dubawa. Sai ta ajiye kwalbar.

"Wa ya auna ta?"

"Ni na faɗa," in ji Mai-awo.

"A wane sikeli?"

Ya ɗaga mata hannunsa na dama, hannu ne duk kanta da tabon ƙarfe. "Wannan."

"To, Baban Auta, sai mun ɗora ta a namu kafin in yi allurar."

"Likita ya riga ya rubuta."

"Ya rubuta a kan abin da aka gaya masa. Ni kuma da hannuna zai shiga jikinta."

"Ina sikelin naku yake?"

"Na jarirai ne a nan, ba zai ɗauke ta ba. Na manya yana can ƙarshen baranda, bari in aika a turo shi."

Nan ransa ya ɓaci. Ya dubi 'yarsa, haƙarƙarinta na shiga yana fita kamar zugazugi.

"Sista, kina ganin yadda take numfashi kuwa? Ga magani a hannunki, kin tsaya neman sikeli? Tumatir za ki sayar?"

"Ina gani. Shi ya sa na sa mata robar iska a hanci, kuma ba inda zan je."

"Likita ya fi ki sani ko bai fi ki ba?"

"Ya fi ni. Amma bai auna ta ba."

Tsohuwar gadon gefe ta sa baki ba tare da ta daina fifita ba. "Ɗana, ka hutar da bakinka. Wannan da kake gani, jikana ma sai da ta sa aka tuɓe masa takalmi kafin ta auna shi. Na ce mata takalmin ma ciwo yake yi? Ko kallo ban ishe ta ba."

"Iya, ba da ke nake ba."

"Ai ni da kai nake."

Matarsa ta taɓa gefen rigarsa. "Baban Auta, ka bari mana."

"Ke yi min shiru! Tun ina saurayi nake ɗaga kaya. In buhu bai taɓa ruɗa ni ba, 'yar cikina ce za ta ruɗe ni?" Ya sunkuya ya fara tattara bargon. "Tashi mu tafi. Akwai asibitin da ba sai an yi wa mutum wa'azi ba."

Sista ba ta ɗaga murya ba. Ta zagayo ta tsaya a ƙarshen gadon.

"'Yarka ce, ba ni da ikon ɗaure ka. Amma ka ji wannan kafin ka fita. Maganin yara ba da ido ake ba da shi ba, ba kuma da shekaru ba. Kowane kilo da rabonsa. Wannan da aka rubuta mata magani ne mai kyau, shi zai kashe ciwon. In ya yi kaɗan ba zai yi aiki ba. In ya yi yawa yana taɓa ƙoda, yana iya kashe kunne, kuma kunnen da ya mutu ba ya dawowa. Abin da na tura a jijiya ba ni da hanyar janyo shi. In ka yi kuskure a buhu, sai a sauke a sake aunawa. A nan babu sakewa."

Ya tsaya, hannunsa a ƙarƙashin wuyan yarinyar. Bai ɗauke ta ba, bai kuma sake ta ba.

"In ashirin ɗin ne," in ji Sista, "a gaban kowa zan ba ka haƙuri."

Ana cikin haka aka turo sikelin, irin wanda ake hawa a tsaya, lamba ta fito a gilashi. Mai-awo ya yi masa kallon raini, ya zagaya shi, ya taɓa ƙafafunsa ya ga ko sun zauna daidai a ƙasa.

"Irin waɗannan rabinsu maƙaryata ne."

"To hau kai kaɗai tukuna. Ka san nauyinka?"

"Saba'in da takwas. Kullum sai na hau namu kafin mu fara aiki."

Ya hau. Lamba ta yi rawa ta tsaya a saba'in da takwas. Ya gyaɗa kai.

"Wannan yana da gaskiya."

"Madalla. Yanzu ɗauko ta, amma ban da bargo. Tun da ba ta iya tsayuwa, sai mu cire naka daga na ku biyu."

Matarsa ta zare bargon. Sista ta riƙe robar iska kada ta fizge. Ya ɗauki Auta, kanta ya faɗa a kafaɗarsa, hannayenta na reto. Ya hau. Ya sunkuyar da kai ta gefen kunnenta ya duba.

Casa'in da biyu.

Ba ya buƙatar biro. Kafin Sista ta buɗe baki ya riga ya cire nasa nauyin a ka. Ya sauka ya sake hawa. Casa'in da biyu. Ya gyara tsayuwa, ya haɗe ƙafa. Lambar ba ta motsa ba.

Tsohuwar ta daina fifita.

"Amma da na ɗauko ta ɗazu," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa, "wallahi ta yi min nauyi."

"Haka ne," in ji Sista. "Yaron da jikinsa ya saki ya fi nauyi a hannu. Ga bargo, ga hankalinka a tashe. Kwantar da ita."

Ta ɗauki waya ta kira ɗakin gaggawa. Ba a jima ba likita ya shigo da sauri, da ɗigon jini a hannun rigarsa.

"Nawa aka samu?"

Sista ta buɗe baki, Mai-awo ya riga ta.

"Sha huɗu ne, likita. Ni na ba ka ba daidai ba."

"Ni ma ya kamata in jira sikeli," in ji likita. Ya soke abin da ya rubuta, ya sake lissafi, ya sa hannu. "Sannu da aiki, Sista. A riƙa auna ta, kuma in ta ɗan farfaɗo sai mu duba abin da ya sa ta rame haka." Ya fita kamar yadda ya shigo.

Sista ta koma tebur ta kira wata nas. Ita ma ta yi nata lissafin daban, sannan suka haɗa suka ga ya zo ɗaya. Wannan ta karanta sunan kwalba da ƙarfi, waccan ta duba ta amsa.

Mai-awo ya zauna a bakin gado. Ya naɗe hannun rigar Auta zuwa kafaɗa. Ya zagaye damtsenta da babban yatsa da manuni, yatsun suka haɗu har da saura. Ya daɗe a haka.

"Tun yaushe?" Bai dubi matarsa ba.

"Tun da tarin ya fara take barin abinci. Na gaya maka siket ɗin makaranta yana zame mata."

"Me na ce?"

"Ka ce tsayi take yi."

Ya sauke wa Auta hannun rigar. Matarsa ta juya tana ninke bargo.

Sista ta dawo da sirinji a ƙaramin faranti. Ta sake tambayar sunan yarinya, uwar ta faɗa, ta duba ya yi daidai da na kati. Maganin da ke cikin sirinjin bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba.

"Baban Auta, riƙe min hannunta. Kada ka matse."

Ya tallabo hannun a tafinsa. Ta goge bakin robar, ta haɗa sirinji, ta fara turawa a hankali, idonta na kan agogon da ke maƙale a ƙirjinta. Sannu-sannu take yi, har ka ce ba ta motsa yatsa. Auta ta buɗe ido kaɗan, ta ce, "Baba, sanyi."

"Maganin ne, Auta. Yanzu zai wuce."

Ya ɗago ya dubi sirinjin, ko rabi bai yi ba. Maganar ta zo masa har baki, kamar ya ce ta yi sauri mana. Ya haɗiye ta, ya gyara riƙon hannun, ya jira.