Kwalabe Uku Daga Wutsiyar Kanal

Aikin Badaru ɗibar ruwa ne. A shekarun da kuɗin fetur suka haƙa kanal daga dam zuwa gonakin bayan Kangire aka ɗauke shi, aka ba shi babur da kwalabe da 'yar rariya mai laushi kamar ɗankwali. Zai cika kwalba, ya rubuta sunan gari, a kai Kano a duba da madubin likita. Abin da ake nema wasu ƙananan ƙwari ne da ido bai cika gani ba, masu ɗauke da kurkunu. Garin da aka same su a ruwansa za a gina masa rijiyar siminti. Rijiyoyin kuwa shida ne kacal.

Ƙauyen mahaifinsa yana wutsiyar kanal, inda ruwa ke kwanciya ya yi kore. Badaru bai yi shakkar za su samu rijiya ba.

Ranar Juma'a ya isa, ladan yana kira. Ya miƙa wa Gwaggo Tani, ƙanwar mahaifinsa, kwalabe uku, ya ce ta cika masa daga inda suke ɗiban na sha, na gwamnati ne. Da ya sauko daga masallaci ya tarar da su a ɗaure cikin tsumma. Bai kwance ba.

Sakamako ya zo: ruwa mai kyau, babu komai. Rijiya ta shida ta tafi wani gari wajen Zandam.

Da damina ta kama ya koma. Gero ya ɓace cikin ciyawa, rabin masu noma suna kwance. Ya sami Gwaggo Tani a tabarma, ƙafa ta kumbura, tana naɗe farin zaren kurkunu a jikin tsinke kaɗan-kaɗan. Bayan gaisuwa ya tambaye ta inda ta ɗebo ruwan nan.

Ta ce a kanal mana, amma ta gyara. Ta tace shi sau uku da sabon mayafinta, ta jefa alif, ta bar shi ya kwanta.

"Ruwan da za a kai gaban manya a Kano? Ka so a ce garin ubanka ƙazamai ne?"

"Ku da za ku sha, kuna tacewa, Gwaggo?"

Ta dube shi da mamaki. "Mu baƙi ne?"

Da ya nema musu rijiya a ofis, aka ce masa an rufe lissafin rijiyoyi tuni, magina sun tashi. Bai faɗa wa kowa yadda aka yi ba.

Ya dawo ƙauyen, ya yanke rariyar aikinsa daga ƙarfenta, ya ɗaure a bakin randar Gwaggo. Randa ɗaya, a gari mai gida tamanin. Abin da suka riga suka sha bana kuwa, ya san kurkununsa sai baɗi zai fito.