Gishiri a Ɗakin Shanya

Aikinmu a masana'antar nan ba shi da wuyar bayani. Muna shafa wa ƙananan gilasai wani sinadari shuɗi, siriri kamar fatar albasa. In aka tsoma gilashin a ruwan da ke da gishiri, komai ƙanƙantarsa, sai shuɗin ya juye ja, na'ura ta haska shi ta faɗi yawan gishirin. Ni ne mai gwaji, wato ni ake wa kallon banza in kaya sun ɓaci.

Sau uku a wata guda farantan gilasai suka fito daga ɗakin shanya da ɗigo-ɗigon ja, tun ba su ga ruwa ba. Manaja, wanda bai taɓa rasa mai laifi ba, ya ɗora wa Dogo mai haɗa sinadari. Ya ce hannunsa ya fara rawa, in aka sake samun haka sai ya ajiye rigar aiki. Dogo ya yi rantsuwa har ya gaji. Shekararsa sha tara yana awon nan, ga 'ya'ya biyar.

Na jera farantan a ƙarƙashin fitila. Da haɗin ne ya ɓaci, da gilasan duka sun juye. Waɗannan kuwa ɗigo ne zagayayye, biyu ko uku, kullum a gefen da mai jerawa take sunkuyawa.

Mai jerawar ita ce wadda muke kira Yaya, don ta girme mu duka. Mijinta ya rasu 'yan watannin baya, ta dawo aiki ido a bushe, kowa yana yaba dauriyarta. Ɗakin shanya mutum ɗaya ke shigarsa, da hula da safar hannu da takunkumi, don ko gumi ba a so ya taɓa kaya.

Na same ta a wurin wanke hannu, na nuna mata faranti ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta tambaye ni me nake nufi ba.

"A gida yara suna kallon fuskata," in ji ta. "A mota kuma mutane. Can ne kaɗai nake rufe ƙofa in zubar da hawayena."

Tausayinta ya kama ni, na ce zan iya rubuta cewa ƙura ce ta shiga. Ta ce Manaja ba ya korar ƙura, Dogo zai kora.

"Bar shi, ƙanena, ni zan je," ta ce, ta goge hannu ta nufi ofis.

Manaja ya yi mata ta'aziyya karo na biyu, da ladabi ƙwarai, sannan ya ce kaya ba za su jure ba. Dogo ya zauna a aikinsa. Ita aka mayar da ita teburin shirya kwali, inda mata takwas suke zaune suna fuskantar juna, hira ba ta yankewa daga safe har tashi.

Ran Litinin na bi ta wajen da rana. Wata tana ba da labarin ban dariya, duk suna duban Yaya su ga ko ya shige ta. Yaya tana dariya, ido a bushe.