Ganyen Teku daga Gidan Lois

Wata uku ke nan Kadijatu, tela a unguwar Arawa, ba ta magana da maƙwabciyarta Lois, tun rigimar da suka yi kan ruwan kwata. Shi ya sa gabanta ya faɗi da ta ga Lois a bakin shagonta riƙe da ƙunshi.

"Maman Mu'azzam, na lura wuyanki na kumbura," in ji Lois. "Ɗana Nehemiah, mai aikin jirgin kamun kifi, shi ya kawo wannan. Ganyen teku ne, a kan duwatsun bakin ruwa ake tsinkarsa. Ki riƙa sawa a miya."

Kadijatu ta yi godiya a taƙaice. Bayan Lois ta tafi ta kwance ƙunshin. Wani abu ne baƙi, busasshe, mai ƙarnin kifi. Ita da ke naɗe wuyanta da mayafi kullum, yaushe matar nan ta gani? Kuma me ya kawo alheri bayan zagi?

Ta marmasa kaɗan ta watsa wa kajinta. Suka tsattsaga sau ɗaya, suka watse. Nan zarginta ya ƙaru.

Washegari ta kai wa ƙanwar mijinta Hikima, ma'aikaciyar jinya. Hikima ta shinshina, ta gutsura ta tauna.

"Abinci ne, Anti. Yana da sinadarin aidin, wanda rashinsa kan kawo maƙoƙo. Amma yawansa ma illa ne. Ki fara ganin likita."

"In kuma an barbaɗa masa wani abu fa?"

"Wannan kam ban iya gani da ido ba."

Da azahar Kadijatu ta faɗa gidan Lois ba zato, wai aron almakashi ta zo. Ta same ta a tsakar gida da tuwon masara da miyar kuɓewa, ga baƙin ganyen ya jiƙu ya yi laushi a ciki.

"Zauna mu ci," in ji Lois.

Kadijatu ta wanke hannu, ta yi ta jinkiri har ta ga Lois ta haɗiye loma biyu. Sannan ta sa hannu daidai inda Lois ke ɗiba. Miyar ta yi yauƙi, da ɗan gishiri-gishiri, kamar an sa busasshen kifi.

"Da maƙoƙo mahaifiyata ta rasu," Lois ta ce, idonta a kwano. "Kunya ta hana ta fita shekara tara. Ko da faɗa tsakaninmu, ba zan gani in yi shiru ba."

Kafin ta tashi, Kadijatu ta ce mata ranar Litinin za ta je ganin likita. Ta koma shago ta zauna gaban keken ɗinki, tana sauraron cikinta har la'asar. Ko murɗawa bai yi ba.

Ranar Litinin ta shirya zuwa asibiti. Ta fito ta tarar da Lois a ƙofa ta riga ta tare musu Keke Napep. Ta ɗan tsaya tana dubanta, sannan ta tattara zaninta ta shiga.